Abin da Ruwa Ba Ya Wankewa

Malama ta toshe bakin kwalbar da babban yatsanta, ta girgiza ta da ƙarfi har awarwaronta ya yi ƙara, sannan ta dire ta a kan tebur.

"To, ku zuba ido."

Ɗalibai hamsin da 'yan kai suka miƙo wuya. Ruwa da kananzir ɗin da ke cikin kwalbar sun haɗe sun yi fari kamar madara, amma kafin a ƙirga ashirin sai ga su suna rabuwa. Kananzir ya taso sama, ruwa ya kwanta a ƙasa, kowa ya kama gabansa.

"Ko wuni za ku yi kuna girgizawa, haka za su rabu," in ji ta. "Me ya sa?"

Aji ya yi tsit, kamar yadda yake yi kowace shekara a daidai wannan gaɓa. Ta ɗauki alli.

"Ƙwayar ruwa kamar batir take, kai biyu gare ta, ɗaya na tarawa, ɗaya na ɗebewa. Saboda haka kowace ƙwaya tana riƙe da hannun 'yar'uwarta gam. Ba ta sakin hannun nan sai ta samu wanda shi ma zai riƙe ta. Gishiri yana da abin riƙo, sukari yana da shi, sifirit ma haka, shi ya sa suke narkewa. Kananzir kuwa ko'ina nasa sumul ne, ba inda ruwa zai kama. Don haka ba sai kun zuba abu a ruwa ba kafin ku san ko zai narke. Ku dubi ƙirar ƙwayarsa kawai, ku faɗa tun daga nesa. Mai kai biyu yana neman mai kai biyu, shi kuwa mai, irin su kananzir, sai ɗan'uwansa mai. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Shekara ashirin da biyu ke nan tana koyar da ilimin sinadarai a wannan sakandare, kuma duk cikin darussanta babu wanda take ji da shi kamar wannan. Ba a banza ɗalibai suke kiran ta Malama Narke a bayan idonta ba. Ta sani sarai, a ɓoye ma sunan daɗi yake mata. Mace ce mai son a ce ta fi kowa sani, abin haushin kuma shi ne sau da yawa ta fi ɗin.

A nan ne kullum take kawo labarin mijinta. Yau ta so ta tsallake shi, domin kwanansa tara ke nan a gadon asibiti, amma bakin da ya saba ba ya shawara da mai shi.

"Maigidana buga takardu yake yi. Da muka yi aure, in ya dawo daga shago hannunsa baƙi ƙirin da tawada. Ya yi ta dirza da sabulu har fata ta saɓule, ko gezau. Na ce masa, bawan Allah, wahalar banza kake yi. Tawadar inji mai ce, ruwa ba ya ɗaukar ta. Nemi man da kuke wanke inji da shi. Tun daga ranar, in kun ga hannunsa sai ku rantse ma'aikacin banki ne."

Aka yi dariya, kamar yadda ake yi kowace shekara. Wata yarinya mai tabarau a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malama, kin ce jikin mutum yawanci ruwa ne. To in abin da ba ya narkewa a ruwa ya shiga jiki, ina yake zuwa?"

"Tambaya mai kyau. Fitsari ruwa ne, gumi ruwa ne, to abin da ruwa ya ƙi ɗauka ba ya fita da sauƙi. Sai ya nemi ɗan'uwansa, wato kitse, ya shige ya yi zamansa."

"Har ramamme, Malama?" wani ya jefo daga baya.

"Har kai ɗin nan. Jijiyoyinka ma a naɗe suke da kitse, kamar wayar lantarki da robarta."

Aka buga ƙararrawa. Ta zuba kwalabenta a jaka, ta kakkaɓe alli daga hannunta, ta fita tana jin daɗin yadda darasin ya tafi.

Mijin nata, wanda duk layinsu suke kira Mai Tawada, a gaban injinsa ya faɗi. Ba suma ya yi ba, ƙafafun ne kawai suka ƙi ɗaukar sa. Kafin nan ya yi watanni yana tuntuɓe a inda ba dutse, takalmi ya zame daga ƙafarsa bai sani ba, maɓallin riga ya gagare shi sai ta ɓalla masa tana yi masa tsiyar tsufa. An auna sukari, lafiya lau. An ɗauki hoton baya, ba a ga komai ba. Jiya ne likitan ya ce a kawo masa duk wani abu da ake aiki da shi a shagon, don haka yau daga makaranta ba ta hau bas ɗin asibiti ba, ta nufi shago.

Dogo, abokin sana'ar Mai Tawada tun suna samari, ta tarar a tsugune yana gyara rolar da ke shafa tawada a injin. Ya miƙe yana goge hannu a wando.

"Malama, sannu da zuwa. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi," ta ce, don abin da ake cewa ke nan.

Ya jera mata gwangwanayen tawada, da gam, da wata hoda, kowanne ta ɗiba kaɗan a leda. Daga ƙarshe ya jawo wata jarka mai ɗauke da farin ruwa garau.

"Sai man wanke inji. Amma wannan ai ba sai na gabatar miki da shi ba, kin fi ni sanin sa."

Gaskiyar magana ba ta taɓa ganin jarkar ba. A shekara ashirin da biyu, sau nawa ma ta taka shagon? Ta duƙa ta karanta takardar da ke manne a jiki. Rubutun ya koɗe, amma sunan sinadarin yana nan, kuma suna kawai take buƙata. Nan take ƙirar ƙwayar ta zana kanta a idonta kamar a kan allo: doguwar sarƙa sumul, ba kan tarawa ba na ɗebewa, ba inda ruwa zai kama. Da a jarrabawa ne, ko ɗalibinta mafi daƙiƙanci zai ci makin. Ba ya narkewa a ruwa. Yana narkewa a kitse.

A ƙasan sunan akwai ɗan hoton hannu da safa, da wani na fuska da abin rufe hanci.

"Ku ma duk da shi kuke wanke hannu?" Muryarta ta fito siririya.

Dogo ya tuntsire da dariya, ya baje mata tafukansa. Baƙaƙe ne wuluk, tawada ta shige kowane layi, amma hannaye ne masu ƙarfi da za su iya murɗe ƙusa.

"Ni? Wa zan yi wa kwalliya? Ni tsumma nake ɗan jiƙawa in goge rola, shi ke nan. Uwargidana ta saba, ta ce in ta ga hannuna fari ma sai ta yi zargi. Shi dai mutuminki ne mai tasa. Zo ki gani."

Ya tura wata 'yar ƙofa a bayan injin. Ɗan ɗaki ne da ake ajiyar takardu, ba taga, ba fanka, mutum biyu ba za su tsaya ciki su sake ba. Warin man ya bugi hancinta har idonta ya kawo ruwa. A kan wani benci ga ƙaramar tasar silba, da burushin haƙori da ya tsufa, da ɗan tawul a ninke tsaf.

"Tasar Malama muke ce mata," in ji Dogo. "Kullum in mun tashi sai ya shigo nan ya ja ƙofa, don kada wari ya dame mu. Ya cika ta, ya tsoma hannu har wuyan hannu, ya bi farce ɗaya bayan ɗaya da burushi. Minti goma sha biyar yake yi, wata rana ya fi. In na ce kai ka fito mu tafi, sai ya ce umarnin Farfesa ne, ni da ban auri mai ilimi ba in yi shiru."

Tasar tata ce. Cikin kayan aurenta take, ta neme ta ta gaji tun shekarar farko, har ta zargi wata maƙwabciya. Ta tsaya tana kallon ta, sai ranar ta dawo mata. Watansu biyu da aure, ya dawo daga aiki ya ɗauki takardun jarrabawar da take dubawa don ya ba ta wuri, ya bar shatin yatsu biyar a kan ta sama. Ta yi tsaki. Tsaki ɗaya ne tak, amma ta ga yadda ya mayar da hannunsa baya kamar yaron da aka kama da sata. Sai tausayi ya kama ta, ta zaunar da shi ta yi masa darasin ruwa da mai, tana ɗokin nuna masa abin da ta karanto a kwaleji. Shi kuwa ya saki baki yana kallon ta, ba don ya gane ba, sai don alfahari.

"Malama, lafiya kuwa?"

"Zuba min kaɗan a kwalba," ta ce. "Kai kuma ka nemi safar hannu. Ka fasa taga a ɗakin nan."

A cikin bas ta zauna kamar wadda ruwa ya cinye. Kwandasta ya yi mata magana sau uku kafin ta ji. Ta yi ta neman kuskure a lissafin da ke kanta, tana fatan ta samu, ita da ba ta taɓa fatan ta yi kuskure ba. Ba ta samu ba. Amsar da ta ba yarinya mai tabarau ɗazu da safe ita ce dai amsar, kuma ta san ta tun kafin a haifi yarinyar.

Likitan matashi ne mai ladabi, ya san ita malamar sinadarai ce, don haka yake yi mata magana kamar abokiyar aiki. Ya ture ledojin tawada gefe, ya buɗe kwalbar ya ɗan shinshina, ya karanta sunan da ta kwafo a bayan takardar darasinta. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Abin da nake tsoro ke nan. Gwajin jijiya ya fito ɗazu, kuma ya dace da wannan. Ba sai na yi miki dogon bayani ba, Malama. Yana shiga ta numfashi, yana shiga ta fata, jini ya kai shi inda kitse yake. Dogayen jijiyoyi ne suke fara mutuwa, na ƙafa da na hannu."

"Masu wannan sana'a da yawa suna aiki da shi," ta ce. Ta san roƙo take yi, ba musu ba.

"Suna yi, kuma wasu suna cutuwa. Amma ban taɓa jin wanda yake kulle kansa a ɗaki da tasa cike ba, kullum, sama da shekara ashirin. Da safe na matsa masa da tambaya sai ya faɗa min. Na ce wa ya koya maka wannan? Ya ce ba kowa, shi ya gano dabarar da kansa." Ya girgiza kai. "Rashin sani ya fi dare duhu. Abin takaicin, ga ki a gida. Da ya tambaye ki sau ɗaya, da bai kai haka ba."

Malama ta kama gefen kujera. 

"Zai warke?"

Likitan ya juya biron hannunsa. Ya ce a irin wannan ciwo, ko an raba mutum da man, abin yakan ƙara gaba na wasu watanni kafin ya tsaya. Ƙafa wataƙila ta ɗan dawo, a shekara ko biyu, da sanda. Hannun kuwa naman ya riga ya zube, ba zai yi mata alƙawarin da ba zai iya cikawa ba. Batun komawa shago, a manta da shi.

"Babu maganin da zai wanke shi daga jiki?"

"Malama," ya ce a hankali, "ba man ne ya rage a jikinsa ba yanzu. Ɓarnar da ya yi ce ta rage."

Ɗakin marasa lafiya gado goma sha biyu ne, na Mai Tawada shi ne na kusa da taga. Tun daga ƙofa ta jiyo muryar Yaya, babbar yayarsa, wadda ta tare a asibitin tun ranar farko da tabarmarta da butarta. Ta tallafe kansa da hannu ɗaya, ta kafa masa gorar ruwa a baki da ɗaya.

"Shanye, ɗan nan, shanye. Yawwa, ga 'yar boko nan ta iso. Nas ta ce wai guba ce ta wurin aiki. To ai guba ruwa ke wanke ta. Gora ta huɗu ke nan tun safe. Ko ba haka ba ne, Malama? Ke kika san kan abin."

A da, da Malama ba za ta bari wannan ta wuce ba. Da sai ta yi wa Yaya darasi cikakke, har da misali.

"Haka ne, Yaya," ta ce. "Allah Ya saka da alheri."

Yaya ta kalle ta da mamaki, don tun da aka kawo Malama gidan ƙaninta tana amarya ba ta taɓa yarda da maganar Yaya a karon farko ba. Ta ɗauki butarta ta ce bari ta je ta yi la'asar.

Mai Tawada ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Hannayensa suna kwance a kan zanin gado, yatsun sun ɗan lanƙwashe, tsakanin babban yatsa da manuni ya rafta. Baƙaƙe ne ƙirin. Ranar da ya faɗi bai kai ga tasarsa ba, tawadar wannan rana ce har yau take maƙale a farcensa da layukan tafinsa. Kafin wannan ciwo, rabon da ta ga hannun nan da tawada tun tana amarya.

"Farfesa," ya ce da ɗan murmushi, "Yaya za ta kashe ni da ruwa kafin ciwon ya samu dama."

Ta jawo kujera ta zauna. Duk abin da ta shirya faɗa a hanya ya watse.

"Na je shago. Na ga tasar."

"Dogo da surutu."

"Me ya sa ka yi wa likita ƙarya?"

Ya juya ido wajen ƙofa. "Rage murya. Yaya tana da kunne kamar na zomo. In ta ji, har ki mutu ba za ki sha ruwa a dangina ba."

"Ni ce, Malam. Ni na ce ka yi. Kuma na sani, wallahi na sani, kowace shekara sai na rubuta shi a allo. Yau ma da safe na rubuta. Har labarinka na ba su, suka yi dariya. Rabin darasin na ba ka, na riƙe rabi."

"Ke kika ce in goge. Ba ki ce in yi wanka ba. Ni na ƙara da tasa." Ya ja numfashi. "Shekara uku ke nan ina jin yatsuna kamar na sa safa. Na yi zargin man ne. In na fito daga ɗakin nan kaina juyawa yake yi."

"Shi ne ba ka daina ba? Shi ne ba ka faɗa min ba?"

"Kin tuna ranar da na fara dawowa da hannu fari?"

Ba ta tuna ba. Ta lalubi ƙwaƙwalwarta, wadda take riƙe da sunan sinadari ɗari da nauyin kowanne, ba ta samu ranar ba.

"Kika kama shi kika ɗora a kumatunki," ya ce. "Kika ce yanzu ka zama mutum."

Kuka ya taso mata tun daga ciki, ta danne shi da gefen mayafi, don mai gadon kusa ya fara juyowa. Baƙin ciki ne irin wanda ba shi da wanda za a kai wa ƙara. Ta so ya zage ta, ta so ya kira Yaya ya tona mata asiri, ko ta samu abin da za ta riƙe. Shi kuwa sai kallon silin yake yi.

Ta tashi ta je wajen nas ta aro roba, ta taro ruwan ɗumi, ta ɗauko sabulu daga cikin kayansa. Ta ɗora robar a kan kujera, ta ɗago hannunsa na dama. Ba nauyi, kamar ba na mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaga damin takarda ba. Ta tsoma shi a ruwan, ta shiga cuɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Kumfa ya tashi fari, ya kwanta fari.

Jin motsin ruwan ya sa ya ɗan yi dariya.

"Farfesa, ke da kanki? Ai kin san ba zai fita ba."

"Na sani."

Ta ci gaba da wankewa. Da ta gama da farce, sai ta zura yatsunta tsakanin nasa a ƙarƙashin ruwan, ta matse da duk ƙarfinta, har gaɓoɓinta suka yi zafi. Daga bakin ƙofa ta jiyo takun Yaya tana dawowa, tana gaisa da masu jinya gado bayan gado.

Mai Tawada bai sauke idonsa daga silin ba.

"Kin gama ne?" ya ce. "Na ji kin saki hannun."